Dala 2,400 wai kuɗin gyaran ƙafar gaba, na shiga ƙarƙashin motata da kaina

Assalamu alaikum jama'a, ku yi haƙuri da hannuna giris ne, tun bayan asuba nake ƙarƙashin motar nan. Ku kalli takardar nan dan Allah. Dala 2,400. Abin da wani gareji a nan Denver ya rubuta min kenan wai don su gyara min ƙafar gaba, wallahi sai da na tsaya a bakin ƙofa na sake karantawa, na ce ko dai sifili ne ya yi yawa. Da na bi lissafin sai na ga kayan gyaran gaba ɗaya ba su kai dala 200 ba, sauran duk kuɗin hannu ne, awa ɗaya dala 160. Na yi musu godiya na ja motata, har na iso gida raina bai daina tafasa ba.

To ga ta nan dai, Land Cruiser ce ƙirar 1996, wadda ake ce wa 80. Dala 7,500 na saye ta hannun wani dattijon bature, ta ci mil dubu 240 amma da na leƙa ƙasa shasinta ba tsatsa, shi ya sa ban tsaya dogon ciniki ba, don in ka sayi motar da ta zauna a jihohin da ake zuba wa titi gishiri lokacin ƙanƙara to ƙarfen ƙasan duk ya rube, fenti kawai ka saya. Injin fetur ne mai silinda 6 a jere, lita 4.5, kuma kaca ce ke juya shi ba bel ba. Mai gas ɗin nan 1HZ da direbobin Agadez ke keta sahara da shi ba a sayar da shi a Amurka ba, abin yana min ciwo har yau, don wannan tawa galan ɗaya mil 12 take yi, tankin galan 25 kafin ka ce me ya ƙare.

Bari in nuna muku ciwon. Kun ga wannan ƙwallon ƙarfen da ke bayan taya, a cikinsa akwai gaɓar da ke juya taya ko da ka karya sitiyari, Birfield suke ce mata, cikin giris take kwana. Can ciki kuma akwai man giya, tsakaninsu wani ɗan sil ne na roba. In sil ɗin ya mutu sai man ya haɗe da giris ya zama kamar miyar kuka ya riƙa tsiyaya ta gindin taya, shine abin da tawa take yi, har in na sha kwana ina jin ƙas ƙas ƙas. Aikin ba wuya gare shi ba, ƙazanta ce da cin lokaci. Sai ka nemi soket mai lamba 54 don babban notin, ka wanke komai tas, ka sa sabon sil da boris, ka ɗura sabon giris, sannan wurin ɗaure boris ɗin da sikelin rataye irin na auna kifi ake gwada ƙarfin juyin, in ka matse da yawa zai ƙone in ka sassauta taya ta riƙa rawa. Ɓangaren dama ya ci min wuni guda cur.

Ina cikin wanke kayan nan Baffana ya faɗo min a rai, Allah ya jiƙansa. Bakanike ne a Kano, duk hutun makaranta garejinsa ake tura ni, ni ne mai miƙa sufana, ni ne ɗan aike Ƙofar Ruwa in ana neman kaya. Lokacin haushi nake ji don abokaina suna can suna ƙwallo. Mutumin nan kunne kawai zai kara wa inji ya faɗa maka abin da ke damunsa, ba kwamfuta ba komai, a gama aiki kuma mai mota ya ce sai wata ya yi, Baffa ya ce Allah ya kai mu. Yau ga shi abin da na tsinta a gindinsa ya hana a karɓe min kuɗin haya na wata guda. Maƙwabcina ma jiya da ya ga na baje kayan a kan kwali ya zo ya tsaya yana tambayata wace makarantar kanikanci na yi, na ce masa a Kano na koya.

Yanzu ga gargaɗina, ɗan uwa in ka sayi tsohuwar jif kada ka fara da kwalliya. Ina ganin samari a nan sun ɗora tanti na dala 3,000 a saman mota, fitilu kamar gidan biki, amma tiyon ruwan injin tun na kamfani ne. A wannan motar akwai wani guntun tiyo da ya ɓuya a bayan inji, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, sai ka cire tayar gefen direba kake iya kai hannu. Da na zaro nawa ya kumbura ya yi laushi kamar dafaffiyar ganda, roba ce ta kusa shekara 30 tana shan zafi. Dala 15 ne sabo. Ka ɗauka ya fashe maka kana hawan titin I-70 wajen ramin Eisenhower da titin ya ratsa ta cikin dutse, sama da ƙafa 11,000, ruwa ya tsiyaye inji ya ɗau zafi gasket ya ƙone, iyali na cikin mota. Ni sai da na canza lagireto da duk tiyo da fanbel da burki kafin na sayi ko buta ta zango.

Bayan nan ne na ɗaga ta inci 2 da rabi da sifirin da shoka na Old Man Emu, 'yan Ostireliya ne, na sa taya inci 33, huɗu da sifiya dala 1,300 suka tashi. Kujerun can baya na cire su na buga katako, sama wurin kwanciya ƙasa wurin tukunya da risho da jarkar ruwa. Tantin sama kam ban sa ba kuma ba zan sa ba, nauyi a ka ga mota mai tsayi a gefen dutse ni ban yarda da shi ba. Abin da na fi alfahari da shi wannan ɗan makunnin ne na gefen sitiyari, in ka murɗa shi tayoyin baya su kulle su juya tare, ka ƙara murɗawa na gaba ma su kulle, ba kowace 80 ce ta zo da shi ba. Kuma ka sayi ɗan famfon iska, don in ka sauka daga kwalta sai ka sace iskar taya zuwa 18 ko 20 a gejin awon iska, in za ka dawo titi babu mai faci a dajin nan da zai ƙara maka.

Bara kafin ƙafar ta fara kuka mun je Moab a jihar Utah, tafiyar kamar mil 350 daga nan. Akwai filayen gwamnati da hukumar BLM ke kula da su, wurare da yawa za ka kafa tantinka kyauta har kwana 14 ba mai ce maka tashi. Jan dutse ko ta ina, da dare ya yi shiru kamar an ɗauke duniya, na shimfiɗa darduma na fuskanci arewa maso gabas, don nan alƙibla can take, na yi isha'i na kwanta ina kallon taurari, wallahi sai na ji ni a tsakar gidan kakata lokacin bazara an fito da tabarmi waje. Hawaye sai da suka zubo min, maman yara tana ji ta yi shiru ba ta ce komai ba.

Af, kada wanda ya je da ɗanyen wake kan dutse, can sama ruwa yana tafasa tun bai yi zafi sosai ba, mun ƙone rabin gas ɗinmu waken nan yana nan kamar tsakuwa, yanzu daga gida maman yara take dafo shi. Kilishi kuma kada ya kwana a tanti in kuna duwatsun Colorado, beyar, wata ƙatuwar dabbar daji, tana bin ƙamshi daga nesa.

Burina in ƙanƙara ta narke wajen watan Yuli mu hau hanyar kan dutse ta Engineer Pass ta garin Ouray, ƙafa 12,800, in Allah ya yarda zan ɗauko muku. Yanzu dai ga ɓangaren hagu yana jirana, girisin ma kamar ba zai isa ba sai na aiki yaron nan ya ƙaro gwangwani ɗaya, bari in koma ciki kafin la'asar ta same ni.