Jan giyar inabi: me take yi wa maiƙon jini da suga?

Assalamu alaikum. Na baya ku matso, lasifikar nan ba ta da ƙarfi.

Kwanakin baya wani dattijo mai ciwon suga ya miƙo mini wayarsa a ɗakin duba marasa lafiya. Ya ce, "Likita, karanta mini wannan, wai Turawa sun gano jan giyar inabi tana wanke jini." Yana faɗa yana kallon ƙofa, kada wani ya ji. Hukuncinta a addini malamai sun gama bayani, ba zan shiga gonarsu ba. Nawa shi ne abin da take yi idan ta shiga jiki.

Maganar ta yi ƙarfi ne a 1991, lokacin da gidan talabijin na CBS a Amurka ya tattauna da wani masani Bafaranshe, Serge Renaud. Faransawa suna cin cuku da man shanu da nama mai kitse, amma ciwon zuciya bai kama su kamar Amurkawa ba. Sai aka ce sirrin yana cikin jan giyar da suke sha da abinci. Nan da nan cinikinta ya yi tashin gwauron zabi a Amurka.

To, an gwada. A 2015 masu bincike na Jami'ar Ben-Gurion a Isra'ila sun fitar da sakamakon aikin shekara biyu a kan mutum 224 masu ciwon suga. Wasu aka ba su mililita 150 na jan giya kowane dare, wasu farar giya, wasu ruwa. Masu jan giya, maiƙon da ake kira mai kyau, wato HDL, ya ɗaga da kusan maki 2. Biyu fa, jama'a. Kuma ɗaga wannan lamba ba shi ne tsira ba: a 2006 kamfanin Pfizer ya dakatar da gwajin wani magani da ke ɗaga HDL fiye da haka nesa ba kusa ba, saboda mace-mace sun ƙaru cikin masu shansa. Giya kuma tana ɗaga wani kitsen jinin, tiraigilisarayid, da hawan jini idan aka yawaita.

Tsofaffin binciken da suka nuna masu ɗan sha sun fi marasa sha lafiya, akwai lauje cikin naɗi. Cikin waɗanda aka ƙidaya marasa sha har da waɗanda ciwo ne ya raba su da kwalba. Ka ga an gwada mai lafiya da majinyaci ke nan. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin giya da za a kira mara haɗari, domin tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne, batun suga. Hanta rumbu ce. Idan mutum yana barci bai ci komai ba, ita ke ɗebo suga kaɗan-kaɗan tana zuba wa jini. Da zarar giya ta shigo, hanta ta ajiye wannan aiki ta koma fama da ita. Idan mutumin ya riga ya yi allurar insulin ko ya sha ƙwayar glibenclamide, maganin yana jan suga ƙasa, rumbu kuma a rufe. Sai suga ya faɗi ƙasa da 70 a ma'aunin mg/dL, wani lokaci cikin dare, wani lokaci sai wayewar gari. Wanda ya auna ya ga lamba ta sauka zai ɗauka sauƙi ya samu, alhali ramin da zai faɗa ne.

Alamominsa gumi, rawar jiki, tangaɗi, magana ba ta fita sosai. Daidai da na maye. Ga warin giya a baki, sai 'yan gida su ce a ƙyale shi ya yi barci ya wartsake. Wasu kunya ce ma ke hana su kai shi asibiti. Idan kuka ga mai ciwon suga a wannan hali, in yana iya haɗiya ku dama suga a ruwa ku ba shi. In ba ya iyawa kada ku ɗura masa komai, ku kwantar da shi a gefe guda, a nemi mota.

Sinadarin jan giyar da ake ta yi wa kirari, resberatorol, a ɓawon inabi yake, kuma akwai shi a gyaɗa. A 2014 an fitar da binciken da ya bi tsofaffi 783 a yankin Chianti na Italiya, gidan giyar inabi, har shekara tara. Waɗanda suka fi yawan sinadarin a jiki ba su fi sauran tsawon rai ba. Haka na gaya wa dattijon nan. Ya mayar da wayarsa aljihu, ya ce to ai gyaɗa akwai buhu biyu a gida.