Me ya sa alaramma bai mance haddarshi amma kai karatun jiya ya gudu?

Jama'a salamu alaikum. Wai kun taɓa lura ɗalibi a jami'ar Danfodiyo zai kwana aji shina karatu ya shiga jarabawa ya rubuta ya fito, bayan sati biyu ka tambaye shi ko rabi bai iya kawowa, amma ga wani tsoho nan cikin garin Sakkwato tun shina yaro ya yi hadda kuma har yau ko tuntuɓe bai yi?

To wani Bajamushe Hermann Ebbinghaus a 1885 ya wallafa gwajin da ya yi a kan kanshi, shina haddace gaɓoɓi marasa ma'ana shina auna yadda suke zubewa. Sai ya ga mantuwa a awannin farko take ɓarna mai yawa daga nan ta lafa, kuma in aka raba maimaici kwana-kwana ya fi zama bisa ga a tattara shi dare guda.

Amma fa ba kowane maimaici ba. Zura wa littafi ido yaudara ce wallahi, ido ya saba da rubutun sai ka ɗauka ka iya, ranar jarabawa kuma kai ya ɗauki zafi. Abin da ke dasa karatu shi ne ka rufe littafin ka jawo shi daga kanka ko da kana inda-inda. Ku duba makarantar allo, yaro bai wanke allonshi sai ya kawo karatun da ka gaban malam, sannan ga tilawa kullum ana komawa baya ana jan abin da anka wuce. A 2006 wasu masana a Amurka, Roediger da Karpicke, sun gwada wannan, ɗaliban da anka sa suka tuno karatun da ka sun fi waɗanda sunka yi ta sake karantawa riƙe shi bayan sati guda.

Sai barci, wanda ɗalibai sunka fi rainawa. Akwai wani sashe cikin ƙwaƙwalwa da ake kira hippocampus, shi ke fara riƙe sabon abu, kuma lokacin barci ne ƙwaƙwalwa ke sake bin abin da ka koya da rana tana ƙara kafa shi. Don haka mai shan goro da Nescafe ya kwana ido biyu, shi da kanshi ya hana aikin nan gudana.

Abin da ya taɓa zuciya, tsoro ko murna, shi kam bai buƙatar wahala, shi ya sa mutum kan tuna inda yake zaune ranar da anka gaya mishi rasuwar wani nashi ko bayan shekara 20.