Amsoshin Tambayoyinku: Kulob ɗin majalisar kwaikwayo da neman jami'a a Amurka

Jama'a barkanmu da war haka. Saƙon farko daga wata ɗaliba ne 'yar SS2 a Zariya, tace an buɗe musu kulob ɗin Model UN a makaranta, ita kuma burinta karatu a Amurka, wai shin shiga zai ƙara mata wani abu ko ɓata lokaci ne kawai ga WAEC na matsowa?

Toh ƙanwata, ga waɗanda basu sani ba, Model UN kwaikwayon zaman Majalisar Ɗinkin Duniya ne, sai a ce ke ce wakiliyar Brazil yau, ki je ki binciko matsayarsu kan sauyin yanayi misali, ki rubuta, ki tashi ki kare ta ko da baki yarda da ita ba, ki bi sauran wakilai kina lallashi har a samu ƙuduri, wanda yafi kowa iyawa a miƙa masa 'yar gudumar katako. A Amurka irin wannan ya daɗe. Akwai Boys State da ƙungiyar tsofaffin sojoji ta American Legion ta fara a jihar Illinois a 1935, inda samari ke kwashe mako guda suna kafa gwamnatin wasa har da zaɓen gwamna. Ta nan ne Bill Clinton yana ɗan shekara 16 ya je Washington ya gaisa da Shugaba Kennedy a 1963.

Amma fa ki riƙe wannan, masu tantance takardun neman shiga jami'a a Amurka sun ga Model UN har sun gaji. Fom ɗin Common App da jami'o'insu da yawa ke amfani da shi gurbi 10 ya ware na ayyukan bayan aji, kowanne bayaninsa harafi 150 kacal, ko saƙon tes ya fi shi tsawo. In duk abin da zaki iya sawa shine "ina zuwa mitin duk Laraba" toh gaskiya ba'a yi komai ba. Amma ace ke kika koyar da 'yan JSS yadda ake muhawara, ko kika haɗa makarantu uku kuka yi zama kan rikicin manoma da makiyaya, wannan kam zai sa a ɗago kai. Kuma kada kulob ya cinye miki lokacin karatu, sakamakon jarabawa shi ake fara dubawa. Ki nemi ofishin EducationUSA, masu ba ɗalibai shawara kan karatu a Amurka, a Abuja ko Legas su duba miki tsarin.

Sai wani uba daga Kano, yace an kawo wa ɗansa takarda wai a biya kuɗi masu yawa aje irin wannan taro a New York, ance zai taimaka wajen samun admishan.

Alhaji in akwai hali kuma yaron na so ba laifi, zai ga duniya. Amma kada a sayar da gona saboda wannan, zuwa taron da kuɗi ke kai mutum ba shaidar ƙwazo bace kuma suma can sun san haka. In kuma BUK ko ABU yake nema, ai makin JAMB da Post-UTME da sakamakon WAEC ko NECO za'a duba, babu ma inda zai rubuta kulob a fom ɗin.

Saƙo na gaba bayan wannan 'yar sanarwa.