Me ya haɗa kifin teku da itace?

[Hoto: kasuwa, kwandunan kifin banda]

Tambaya ɗaya ake ta turo mana: kifi dai a ruwa yake, to don an sare itace a bakin teku, me ya shafe shi? Wani ma cewa ya yi yaushe kifi ya fara hawa bishiya. Malam, bai fara ba tukuna.

[Hoto daga sama: Neja Delta]

Wannan dajin mangurof ne, itacen da ke tsirowa cikin ruwan gishiri. Babu ƙasar da ta kai Najeriya yawansa a Afirka.

[Kyamara ta nutse ƙarƙashin ruwa]

Ku dubi saiwoyin nan da suka sarƙe. A nan ne ake samun ruɗanin. Kifaye da yawa da jatan lande a teku suke zuba ƙwai, amma 'ya'yan ba can suke girma ba. Ruwan teku yana cikowa sau 2 a rana, ya koro su cikin saiwoyin. Babban kifi ba ya iya kutsawa ya cinye su. Ganye ya faɗo ya ruɓe, ƙaguwa da ƙananan halittu su ci, 'ya'yan kifi su ci waɗannan. Sai sun yi ƙwari su koma teku. Wato idan aka sare dajin bana, masunci ba zai gani a komarsa bana ba. Sai baɗi, sai baɗin baɗaɗa, lokacin da kifin da ya kamata ya girma bai girma ba.

[Hotuna da sauri]

Ba sara kaɗai ke kashe dajin ba. Akwai malalar mai a garin Bodo na ƙasar Ogoni, cikin Neja Delta, a 2008, wadda kamfanin mai na Shell ya biya diyyar fam miliyan 55 a kanta a 2015. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 da ya ce gyaran ɓarnar da mai ya yi wa ƙasar Ogoni zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Ga kuma nipa, wani dangin kwakwa da aka kawo Kalaba a 1906, yana mamaye inda aka sare. Daga sama kore shar, a ƙasa babu saiwoyin da kifi ke ɓuya.

[Hoto: mata suna banda]

Da itacen mangurof ɗin ake banda kifin. Ni dai ban ga laifin matan nan ba, don duk wanda zai ce su daina sara, sai ya fara kawo musu abin da za su hura wuta da shi.