Binciken da nake yi a Amsterdam, tunda kun dame ni da tambaya

Salamu alaikum jama'a, yau daga ofis nake muku magana, wasunku har yanzu sun ɗauka gyaran waya na zo koya a Holan, to ku matso ku ga fuskar kwamfutar nan. Layukan lambobin da kuke gani suna ta gudu sanarwar hanyoyi ce, kamfanonin intanet na duniya ke gaya wa juna wa ke riƙe da wane adireshi, wato lambar da ake gane na'ura da ita a intanet, kuma ta ina ake bi a kai gare shi. Tsarin sunansa BGP, tun 1989 ake amfani da shi.

Abin da ya ja ni cikin harkar shi ne wallahi duk bisa yarda ake tafiya, kamar ɗan kamasho a tasha yana kiran Kano Kano, ka shiga mota ba ka tambaye shi shaida ba. A 2008 kamfanin sadarwar Pakistan ya so toshe YouTube a cikin ƙasarsu kawai, sai sanarwar hanyar bogi da suka yi don toshewar ta zille waje, kusan awa biyu YouTube ya ɓace wa yawancin duniya. Namu ma ya taɓa faruwa, Nuwamban 2018 kamfanin intanet na MainOne da ke Legas sun yi kuskuren saiti, sai ga masu neman Google an bi da su ta Rasha da China sama da awa ɗaya. Aikina ke nan, gano irin wannan da wuri kafin ta yaɗu, ina ɗebo bayanai daga RIPE NCC, ƙungiyar da ke rabon adireshin intanet a yankin Turai, da ke nan garin, in zauna ina tacewa, wani lokacin wata guda ina bin abu ɗaya ƙarshe ya zama ba komai.

Ga kuma rigimar adireshi, tsohon tsari IPv4 biliyan 4.3 ne kacal, babban rumbun da ake raba wa duniya daga ciki ya ƙare tun 2011, yanzu sayensu ake yi da kuɗi, sabon tsarin IPv6 mai adireshi masu yawan gaske kuma yana nan tun 1998 amma mutane na ta jan ƙafa.

Masu son shigowa, kada wani ya ruɗe ku, a jami'a rubutu ya fi taɓa na'ura yawa, ka aika takardar bincikenka taron masana ka jira watanni a dawo maka da ita a ce a sake gwaji. Ka iya lissafi da Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, sannan ka iya zama. Bari in tashi, malamina na jirana ƙarfe 3 kuma jadawalin da ya ce in zana ban ko fara ba.