Wane Baahubali kuka kalla?

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Sharhinmu na yau ya taɓo wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisun matasa a nan Gombe, daga Jekadafari har Pantami: fim ɗin nan na Indiya, Baahubali, wanne ne na ainihi? Kowa na rantsuwa ya kalla, amma da an fara ba da labari sai a ga ba abu ɗaya aka kalla ba.

Kuma duk suna da gaskiya. Darakta S. S. Rajamouli ya saki kashi na farko a 2015, na biyu a 2017, da harsunan Telugu da Tamil. Na Hindi da wasu ke kira na asali, shi ma fassara ce: muryar da ke fitowa daga bakin jarumin fim ɗin, Prabhas, ta Sharad Kelkar ce, baitocin waƙoƙin ma sake rubuta su aka yi. A watan Oktoban 2025 daraktan ya haɗe kashi biyun, waɗanda suka haura awa 5, ya tsuke su zuwa kimanin awa 3 da minti 45. Soyayyar jarumin, Shivudu, da Avantika ce ta fi shan almakashi, sai wasu waƙoƙi. Ga kuma namu na gida mai fassarar Hausa, wanda masu tura fina-finai ke zuba wa mutum a waya a bakin kasuwa.

Ni dai yankan bai dame ni ba. Mai abu ne ya rage abinsa, kuma dama wannan soyayyar jan labarin take yi da baya. Inda nake da magana shi ne sauti.

Ku tuna farkon fim ɗin. Sarauniya Sivagami tana cikin kogi, ruwa ya shanye ta gaba ɗaya, hannunta kaɗai ya rage a sama riƙe da jariri. Ba mai cewa uffan. Kiɗan M. M. Keeravani ne ke ɗauke da wurin, mutumin da ya ci kyautar Oscar a 2023, shi ke sa tsigar jiki tashi. To a irin wannan wuri ne wani mai fassara zai ga kamar shiru asara ce, ya shiga yi wa mai kallo bayanin abin da idonsa ke gani, wani lokacin har da barkwanci.

Matsalar ba ta hali kaɗai ba ce, akwai ta kayan aiki. Kamfanin da ya sayi izinin fassara akan ba shi sautin fim a rarrabe: magana daban, kiɗa da ƙarar takubba da sukuwar dawakai daban. Sai ya cire maganar kawai ya ɗora tasa. Wanda ya sauko da fim daga intanet kuwa a cakuɗe ya same su, don haka duk lokacin da zai buɗe baki dole ya danne sautin baki ɗaya. Shi ya sa kuke jin kiɗa na nutsewa yana tasowa. A wurin naɗin sarautar Bhallaladeva, mugun fim ɗin, inda talakawa ke kiran sunan Baahubali har ƙasa na girgiza, in aka danne wannan amon, me ya rage?

Ba kuma yau aka fara wannan rigima ba. Fim ɗin Legend na Ridley Scott ya fita a Turai a 1985 da kiɗan Jerry Goldsmith, amma da zai shiga Amurka aka gajarta shi, aka musanya kiɗan da na ƙungiyar makaɗa ta Tangerine Dream. Sai a 2002 aka fitar da doguwar sigar daraktan da kiɗan farko, kuma har gobe masoyansa a rabe suke.

Masu fassara sun yi mana rana, wannan ba a musu. Su suka kai Mahishmati, masarautar da ke cikin fim ɗin, cikin gidajen iyayenmu mata da ba sa jin Indiyanci. Roƙonmu dai, inda ɗan wasa ya yi shiru, mai fassara ma ya yi shiru. Masu tura fim kuma ku riƙa ajiye kwafi biyu, mai fassara da marar fassara, ku tambayi mai saye wanda yake so.