Yaƙin Koriya: Yadda Suna a Rajista Ya Zama Hukuncin Gida Guda

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, jama'a, barkanmu da warhaka.

Idan aka ambaci yaƙin Koriya, ranaku uku aka fi kawowa: 25 ga Yuni 1950 da sojojin Arewa suka tsallako Kudu, 15 ga Satumba da Janar MacArthur na Amurka ya sauke dakaru a gaɓar Incheon kusa da Seoul, sai 27 ga Yuli 1953 da aka sa hannu kan tsagaita wuta. Yau ƙauye nake so mu shiga, mu ga ta wace ƙofa rikicin aƙida ya faɗa gidan manomin da bai taɓa karanta littafin kwaminisanci ko na jari-hujja ba. Ƙofar nan takarda ce, wato rajistar sunaye.

Layin da ya raba ƙasar ba zai ɗauke mu lokaci ba. A watan Agusta 1945 Japan, wadda ta mallaki Koriya tun 1910, tana gab da miƙa wuya. Aka ce wa hafsoshin Amurka biyu, Dean Rusk da Charles Bonesteel, su nuna inda sojojin Sobiyet za su tsaya. Suka duba taswira suka zaɓi layi na 38 cikin layukan da ke gitta taswirar duniya, domin ya bar Seoul a ɓangaren Amurka. Layin bai bi kogi ko tsauni ba, gonaki da hanyoyi da layin dogo ya ratsa. Zuwa 1948 an sami gwamnati biyu, ta Syngman Rhee a Kudu da ta Kim Il Sung a Arewa, kowacce tana cewa ƙasar duka tata ce.

Abin da ya fara taɓa talaka shi ne gona. A watan Maris 1946 Arewa ta ƙwace filayen manyan masu gonaki, musamman waɗanda suka wuce kimanin hekta biyar ko suke ba da haya, ba tare da diyya ba, ta raba wa manoma kyauta. Kwamitin ƙauye ne ya yi rabon, kuma kafin ya raba sai da ya rubuta wane ne mai gona, wane ne ɗan haya, wane ne ya yi wa Japan aiki. Masu gonaki da yawa suka gudu Kudu da takaici a zuciya. Ita Kudu ta yi tata dokar a 1949, aka fara aiki da ita a 1950: kada mutum ya wuce kimanin hekta uku, manomin da aka ba gona kuma ya biya ninki ɗaya da rabi na amfanin shekara cikin shekara biyar. Kun ga tun kafin a harba harsashi an riga an kasa maƙwabta gida-gida a rubuce.

To, ga inda nake so ku ba ni hankalinku. A 1949 gwamnatin Kudu ta kafa ƙungiyar Bodo, ma'anarta kāriya da shiryarwa. An ce duk wanda ya taɓa hulɗa da 'yan kwaminis ya shiga, ya tuba, a kyale shi. Ɓarnar ta zo ne daga yadda aka cika ta. An yanka wa 'yan sanda da jami'an gundumomi adadin da za su kawo. Wanda aka ce ya kawo ɗari, ya duba ya ga tsofaffin 'yan gwagwarmaya ba su kai haka ba, me zai yi? Sai a bi manoma da alkawarin shinkafa ko taki, mutum ya buga hatiminsa a takardar da bai iya karantawa ba. Haka aka tara kusan mutum 300,000. Da yaƙi ya ɓarke, sojoji da 'yan sanda masu ja da baya suka ɗauko wannan littafi, suka kira mutane kamar taron da aka saba, suka loda su a manyan motoci zuwa kwazazzabai da ramukan ma'adinai irin na Gyeongsan, suka harbe su. Ƙiyasi mafi ƙanƙanta shi ne 60,000, wasu masana suna kai shi sama da 100,000. Ba kotu, ba tuhuma. Iyalansu sun yi shekara da shekaru ba su isa su yi kuka a fili ba, sai a 2005 aka kafa hukumar gaskiya da sulhu da ta fara tono kaburburan.

Da 'yan Arewa suka shigo garuruwan, su ma da nasu jerin: iyalan 'yan sanda, masu gonaki, ma'aikatan gwamnati. Suka kafa kotunan jama'a, da za su janye a ƙarshen Satumba kuma suka kashe fursunoni masu yawa a Daejeon. 'Yan Kudu suka dawo suna neman wanda ya yi wa abokan gaba aiki, ko da dafa musu abinci aka tilasta masa. Seoul sau huɗu tana canja hannu cikin wata tara. Ku dubi wannan: da asubahin 28 ga Yuni 1950 sojojin Kudu da kansu suka fasa gadar kogin Han, akwai mutane a kai, mafi yawan mazauna birnin suka rasa hanyar fita. Bayan wata uku waɗanda suka sami tsallakewa suka dawo suna tuhumar waɗanda aka bari, me ya sa kuka zauna?

Yaƙin ya ci rayuka tsakanin miliyan biyu da rabi zuwa uku, mafi yawansu farar hula, aka tsaya kusan inda aka fara. Amma rajistar ba ta mutu ba, gado ta zama. A Arewa, daga ƙarshen shekarun 1950, aka kafa tsarin songbun, aka kasa mutane gida uku: amintattu, masu tangal-tangal, da abokan gaba. Idan kakanka ya gudu Kudu ko yana da gona, wannan zai bi ka zuwa makarantar da za ka shiga, aikin da za a ba ka, har garin da za ka zauna. A Kudu kuma ɗan wanda aka kashe a Bodo, ko ƙanen wanda ya tafi Arewa, zai ci jarrabawar aikin gwamnati ko makarantar soja, binciken asali ya kayar da shi. Kundin tsarin mulkin 1980 ne ya haramta kama mutum da laifin danginsa. Wallahi wannan ya fi komai ɓata zumunci, domin uwa kan ɓoye wa 'ya'yanta sunan kawunsu don kada ya jawo musu.

Akwai kuma waɗanda gudu ya raba. A Disamba 1950 an kwashe farar hula kusan 100,000 daga tashar jiragen ruwa ta Hungnam da ke Arewa zuwa Kudu, jirgin ruwa ɗaya na ɗaukar kaya ya ɗauki 14,000. Da yawa sun bar mata da iyaye suna ganin kwana kaɗan za su yi su dawo. A 1983 gidan talabijin na KBS da ke Kudu ya buɗe shirin neman dangi, ya ja har kwana 138. Mutum zai tsaya gaban kyamara riƙe da kwali mai lamba, da sunansa, da ƙauyensu, da alamar da za a gane shi, tabon ƙuna ko tashar da hannunsa ya suɓuce daga na yayarsa. An haɗa iyalai 10,189, kuma babu na Arewa a ciki.

Wanda nasa ke Arewa sai ya sake rubuta suna a wata rajistar. Sama da mutum 130,000 suka yi rajista tun 1988. A da, idan gwamnatocin biyu suka amince da ganawa, ƙungiyar Red Cross ta Kudu tana zaɓen 500 ta ƙuri'ar kwamfuta, a tace su ta lafiya, a aika sunaye Arewa a bincika ko dangin suna raye, a tsaya a kan kimanin ɗari. Ganawar ƙarshe an yi ta a Dutsen Kumgang da ke Arewa a watan Agusta 2018. Kimanin awa 12 ake ba su cikin kwana uku, wanda ya je sau ɗaya ba ya sake zuwa, bayan nan ba wasiƙa ba waya. Ranar rabuwa tsofaffi masu shekara tamanin da casa'in suna miƙa hannu ta tagar mota suna riƙe juna har motar ta tashi. Mafi yawan waɗanda suka rubuta sunansu a wannan rajista sun rasu ƙuri'a ba ta faɗo kansu ba.